AL'ADA NA BANKWANA, GABA NA FAƊUWA: ABIN DA YA KAMATA KI SANI DOMIN INNA

Yawancin abin da muke kawo muku a wannan shafi ya shafi mai juna biyu ne da jaririnta. Yau kuwa zan ɗan karkata zuwa ga matar da ke zaune kusa da ke a kan benci tana riƙe miki kati da jaka, wato mahaifiyarki, ko surukarki, ko yayarki. Ita ce za ta kwana a gefen gadonki ranar haihuwa, ita ce za ta dafa miki ruwan wanka da kunun kanwa har ki yi arba'in. Amma da wuya a sami wanda zai tambaye ta yaya nata jikin. Idan shekarunta sun haura 40, mai yiwuwa tana cikin wani hali da take jin nauyin faɗa miki. Ki karanta wannan bayani, sannan ki karanta mata.

Abin da na gani a wani aikin dare

A wani lokacin hunturu aka turo mana wata yarinya mai cikin fari daga wajen Babban Duhu, cikin ƙaramar hukumar Safana, saboda hawan jini. Mahaifiyarta ce ta zo jinya. Wajen ƙarfe biyu na dare na fito zagaye, sai na tarar da uwar a baranda, ta ajiye mayafi tana fifita da murfin kwali, alhali kowa ya dunƙule cikin bargo. Na ce, "Inna, lafiya kuwa, cikin wannan sanyi?" Ta ce, "Malama, bari kawai. Wani zafi ne ke taso mani daga ƙirji ya hau fuska, sai zufa, sai gabana ya yi ta faɗuwa kamar an ce ga su nan."

Duk wanda ya san ƙauyukan Batsari da Safana da ke gefen dajin Rugu ya san su wa take nufi da "ga su nan". Ta gaya mini an yi shekarun da idan magariba ta yi sai su kwashi yara su bar gida, ba su komowa sai gari ya waye. Saboda haka da faɗuwar gaban ta fara, kowa ya ce tsoratar da ta yi ce. Wasu suka ce iska ce ta taɓa ta a daji. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Ga shi kuma wata huɗu ba ta ga al'ada ba, har ta fara zaton ciki ne ya kwanta, tana jin kunyar a ce ita da 'yarta suna goyo tare.

Ba ta san shekarunta daidai ba. Da muka lissafa daga shekarun da aka yi mata aure da shekarun ɗanta na fari, sai muka ga ta kai kamar 47. Da safe na sa ta yanki kati. Aka gwada fitsari, babu ciki. Aka auna jini da hawan jini da sukari. Likitan mata ya saurare ta, ya ce al'adarta ce ke shirin ɗaukewa, ya rubuta mata magani iri biyu, ya ce ta dawo bayan wata uku.

Ba ta dawo ba sai bayan wata biyar, saboda kuɗin mota da halin hanya. Ta ce zafin jiki ya tafi, barci ya dawo. Amma da na duba ledar maganinta, sai na ga ɗaya ya ƙare har ta sayo wani, ɗayan kuwa kusan yana nan yadda aka ba ta. Ta ce, "Wannan ƙaramin ba ya karɓa ta. Duk kwanakin da nake shan shi sai in ji raina a ɓace, gabana na faɗuwa, ina ta faɗa da yara. Sai na bar shi na riƙe mai amfanin." Wanda ta bari shi ne wanda ke tsare mata mahaifa daga sankara. Wannan kuskure ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Me ke faruwa a jikin mace a waɗannan shekaru?

A gefe biyu na mahaifa akwai 'yan ma'ajiyar ƙwai guda biyu. Su ne ke fitar da ƙwan haihuwa, su ne kuma ke samar da wasu sinadarai biyu da likitoci ke kira homon. Na farko sunansa istirojin, na biyu furojestaron. Istirojin shi ke gina shimfiɗar cikin mahaifa kowane wata, kamar yadda ake gyara gona kafin shuka. Furojestaron yana fitowa bayan ƙwai ya fita, ya tsayar da ginin, ya daidaita shimfiɗar. Idan ciki ya shiga, shi ke riƙe shi. Idan bai shiga ba, sinadaran biyu su sauka, shimfiɗar ta zube, shi ne jinin al'ada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur a jere ba a ga jini ba. Kafin a kai nan akwai shekarun rikicewa, waɗanda kan ɗauki shekara huɗu ko fiye. A cikinsu sinadaran ba sa sauka a hankali kamar ruwan randa. Yau su hau, gobe su faɗo. Wani watan ƙwai ya fita, wani watan ya ƙi. Shi ya sa al'ada kan zo da wuri, ko ta yi tsallaken wata biyu ko uku, ko ta zo da yawa har da gudaji.

Ƙwaƙwalwa ma tana amfani da waɗannan sinadarai wajen daidaita zafin jiki, da barci, da natsuwa. Idan suka rikice, mace kan ji:

1. Zafi mai tasowa farat ɗaya a ƙirji da wuya da fuska, sannan zufa.
2. Gumin dare da yankewar barci.
3. Bugun zuciya da sauri, faɗuwar gaba, da zullumi ba tare da dalili ba.
4. Saurin fushi ko kuka, da mantuwa.
5. Ciwon gaɓoɓi da kasala.
6. Bushewar gaba da jin zafi wajen kwanciyar aure.

Wata za ta wuce waɗannan shekaru ba ta ji komai ba sai ɗaukewar jinin. Wata kuwa za ta sha wuya har ta kasa sana'arta. Ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarancin tawakkali ba. Idan al'ada ta ɗauke kafin mace ta kai 40, wannan daban ne, lallai ta ga likita ko da ba ta jin komai, domin ƙasusuwanta da zuciyarta suna bukatar kariya.

Ciki ne ko ɗaukewar al'ada?

Wannan tambaya ta shafi ɗakin awo kai tsaye. Muddin ƙwai yana fita, ko da jefi-jefi ne, mace na iya ɗaukar ciki. Mun karɓi haihuwar matan da suka zaci sun gama, ba su zo awo ba sai da ciki ya yi motsi. Ciki bayan shekara 40 ya fi zuwa da hawan jini, da ciwon sukari, da zubar jini bayan haihuwa, musamman ga wadda ta haihu da yawa. A ɗaya gefen kuma akwai masu rainon "kwantaccen ciki" shekara guda ko biyu, suna shan saiwoyi don ya tashi, alhali babu komai a mahaifar, ko kuma ƙari ne ke girma. Gwajin fitsari ba ya cin minti biyar, hoton ciki kuma yana raba gardama. Kada a fara kowane maganin homon sai an tabbatar babu ciki.

Ga wadda ba ta son ƙarin haihuwa, shawarar masana ita ce ta ci gaba da tazarar haihuwa har shekara biyu bayan jininta na ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, ko shekara ɗaya idan ta haura 50. Ki lura, ƙwayoyin da ake bayarwa don ɗaukewar al'ada ba sa hana ɗaukar ciki.

Ba kowace faɗuwar gaba ce ta al'ada ba

Kafin a ɗora wa al'ada laifi, likita zai duba wasu abubuwa. Ƙarancin jini, wanda yawan zubar jinin al'ada ke kawowa, yana sa bugun zuciya da haki. Ciwon maƙoƙo mai sa jiki aiki fiye da kima yana kawo zufa, da rawar hannu, da rama. Gumin dare tare da tari na sama da sati biyu da ramewa yana iya zama tarin fuka, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Akwai hawan jini da ciwon sukari. Akwai kuma goro da shayi mai kauri, waɗanda iyayenmu mata ba sa ɗauka a bakin komai.

Sai kuma abin da ido ya gani. Matar da ta ji harbi a ƙofar gidanta, ko aka ɗauke mata ɗa, ko ta bar gonarta da dabbobinta ta koma zaman aro a Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina, tana iya ɗaukar ciwon firgita. Alamarsa ita ce munanan mafarkai, da zabura idan an buga ƙofa ko babur ya wuce, da ganin abin yana dawo mata kamar yanzu yake faruwa. Maganin homon ba ya warkar da wannan. Yana bukatar ganin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa wajensu ba ya nufin mutum ya haukace. Sau da yawa abubuwan biyu ne suke haɗuwa a kan mace ɗaya, kowanne yana ƙara wa ɗayan nauyi, kamar yadda ya faru da Innar da na ba ku labari. Sai a yi maganin kowanne da abin da ya dace da shi.

Maganin homon, da dalilin da ya sa yake zuwa biyu

Idan zafin jiki da rashin barci da damuwa sun hana mace sakat, likita na iya mayar mata da wani kaso na istirojin ɗin da jikinta ya rage samarwa. Akwai na haɗiya, akwai na shafawa a fata, akwai na mannawa kamar filasta. Na fata ya fi sauƙin haɗarin daskarewar jini a jijiya, shi ya sa ake fifita shi ga mai ƙiba ko mai hawan jinin da aka shawo kansa. Babu maganin da ya kai istirojin kwantar da zafin nan mai tasowa, kuma yana ƙarfafa ƙashi. Mata da yawa idan barci ya dawo, faɗuwar gaban ma sai ta lafa.

To, amma ki tuna aikin istirojin: gina shimfiɗar mahaifa. Idan aka bar shi shi kaɗai wata da watanni babu mai tsayar da shi, shimfiɗar za ta yi ta kauri, daga nan ta iya rikiɗewa ta zama sankarar mahaifa. A shekarar 1975 likitoci a Amurka suka wallafa binciken da ya nuna haka, bayan an daɗe ana ba mata istirojin shi kaɗai. Tun daga nan doka ta zama ɗaya: duk macen da mahaifarta ke nan, idan za ta yi amfani da istirojin mai zagaya jiki, dole a haɗa mata da furojestaron ko danginsa. Wadda aka yi wa aiki aka cire mahaifar gaba ɗaya ce kawai akasari ba ta bukatarsa.

Wataƙila kin taɓa jin an ce maganin homon yana kawo sankarar mama. Asalin maganar wani babban bincike ne da aka yi a Amurka kan mata sama da 16,000, wanda aka dakatar a shekarar 2002 bayan an ga ɗan ƙarin sankarar mama, da daskarewar jini, da shanyewar ɓarin jiki. Matsakaicin shekarun matan kuwa 63 ne, yawancinsu sun daɗe da daina al'ada. Da aka sake nazari, masana suka daidaita a kan cewa ga macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, kuma ba ta da wani ciwon da ya hana, amfanin ya fi haɗarin yawa. Haɗarin sankarar mama yana nan, ƙarami ne, yana ƙaruwa da yawan shekarun da aka yi ana sha. A watan Nuwamba na 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sanar da cire yawancin gargaɗi mai tsanani daga kwalayen waɗannan magunguna, amma ta bar gargaɗin sankarar mahaifa a kan istirojin da ake sha shi kaɗai.

Ba a ba da maganin homon ga mai sankarar mama ko wadda ta taɓa yi, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, da mai ciwon hanta mai tsanani, da mai ciki. Wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, lallai ta faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki biro.

Ire-iren furojestaron da yadda suke taɓa zuciya

Ga inda matsalar take. Istirojin shi mace ke jin daɗinsa a jiki. Furojestaron aikinsa a ɓoye yake, kuma shi ne wasu mata ke jin yana dagula musu rai. Abin farin ciki shi ne ba iri ɗaya ba ne, ba kuma hanya ɗaya ake ba da shi ba.

Na farko, kafso mai kama da na jiki. Ana sayar da shi da sunaye irin su Utrogestan. Ƙirarsa daidai take da furojestaron ɗin da jikin mace ke yi. Wadda ke ganin al'ada jefi-jefi akan ba ta miligiram 200 kowane dare na kwana 12 zuwa 14 a wata, bayan ta gama sai jini ya zo. Wadda ta shekara ba ta gani ba akan ba ta miligiram 100 kowane dare ba hutu. Idan aka haɗiye shi, hanta na juya wani sashe nasa zuwa wani sinadari mai kwantar da ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake sa barci, kuma ake shan sa lokacin kwanciya, ba tare da abinci ba. Ga mata da yawa wannan alheri ne. Amma akwai kaɗan da yake yi musu akasin haka, su tashi da nauyin kai, ko jiri, ko ƙuncin rai. Irin waɗannan likita na iya cewa su riƙa sa shi ta gaba maimakon haɗiya. Wasu kamfanoni suna haɗa shi da man gyaɗa ko waken suya, saboda haka wadda jikinta ba ya karɓar su ta faɗa. A ajiye shi inda babu zafin rana. Mai azumi ba ta da matsala da shi tunda na dare ne.

Na biyu, ƙwayoyin da aka ƙera don su yi aikin furojestaron. A cikinsu akwai Provera, da Duphaston, da sinadarin da ke cikin Primolut N. Suna tsare mahaifa sosai, kuma sun fi sauƙin samu. Sai dai wasunsu sun fi kawo kumburin ciki, da ciwon mama, da ƙuraje, da saurin fushi. Wadda wani bai karɓe ta ba, sau da yawa wani na karɓar ta. A nan zan ja kunne game da Primolut N, wanda mata suka sani saboda ana sayensa don jinkirta al'ada lokacin azumi ko aikin Hajji. Ƙwayarsa ɗaya miligiram 5 ce, ta ninka abin da aka saba haɗawa da istirojin kullum har sau biyar, kuma yawan shan sa yana da haɗari ga mai saurin daskarewar jini. Kada a saye shi a kyamis a ce ana maganin ɗaukewar al'ada.

Na uku, robar mahaifa mai homon, irin su Mirena. 'Yar ƙaramar roba ce da ma'aikaciyar da aka horar ke sakawa cikin mahaifa a 'yan mintoci. Tana sakin sinadarin kaɗan-kaɗan a inda ake bukatarsa, abin da ke shiga jini bai taka kara ya karya ba. Tana aiki uku a lokaci guda: tana tsare mahaifa har shekara biyar ga mai amfani da istirojin, tana rage yawan zubar jini ƙwarai, tana kuma hana ɗaukar ciki. A watannin farko akan ga ɗigon jini ba a kan lokaci ba, kuma akwai 'yan kaɗan da ita ma kan taɓa musu rai. Tun shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara shigar da irin wannan roba cikin hanyoyin tazarar haihuwa a asibitocin gwamnati, don haka a tambaya. A kula, ba ita ce robar nan mai jan ƙarfe ba. Mai jan ƙarfe tana hana ciki, amma ba ta tsare mahaifa daga istirojin.

Akwai kuma waɗanda ba a dogara da su don wannan aiki: allurar wata uku, da ashanar da ake sawa a dantse, da man furojestaron na shafawa da ake tallatawa a waya. Allura da ashana suna da kyau wajen tazarar haihuwa, amma kada mace ta ce tunda tana da su ta tsira. Man shafawar kuwa abin da ke ratsa fata bai isa ya kare mahaifa ba.

Ke mai juna biyu, wataƙila sunan ba baƙo ba ne a wurinki. Idan mace ta taɓa ɓari, sannan ta ga jini a farkon sabon ciki, likita na iya rubuta mata furojestaron na sawa, irin su Cyclogest, har ciki ya kai sati 16. Wancan awo daban, dalili daban. Kada ki ba Inna ragowar naki, kada kuma ki taɓa nata.

Idan magani ya tayar da hankali, me za a yi?

Abu na farko, kada a ajiye furojestaron a ci gaba da istirojin. Idan abin ya gagara jurewa kuma ba halin zuwa asibiti a wannan satin, gara a dakatar da su duka biyun har a ga likita. Zafin jiki zai dawo, amma mahaifa ba ta shiga haɗari ba.

Na biyu, a riƙe lissafi. A sami kalanda, ko wani ɗan makaranta a gida ya ja layuka a littafi. Kowace rana a yi alama: an sha ƙwaya ko ba a sha ba, an ga jini ko ba a gani ba, gaba ya faɗi ko bai faɗi ba. Idan faɗuwar gaban tana zuwa ne a kwanakin furojestaron kaɗai, ta tafi idan an gama, likita ya sami bakin zaren. Idan kullum tana nan, sai a nemi dalili a wani wuri.

Na uku, a ba magani lokaci. Ƙananan matsaloli irin su ciwon mama da tashin zuciya sukan lafa cikin wata uku. Shi ya sa ake cewa a dawo bayan wata uku, daga nan kuma sau ɗaya a shekara.

Na huɗu, a gaya wa likita gaskiyar halin da ake ciki. Da aka yi wa Innar nan tayin kafso mai sa barci, sai ta ce, "Likita, in na yi barci mai nauyi aka shigo da dare, wa zai kwashi jikokina?" Wannan magana ce mai hankali, kuma ita ta sa aka zaɓa mata roba. An yi mata hoton mahaifa tukuna, Allah Ya taimaka ba a ga abin tsoro ba. Yanzu ba ta da ƙwayar da za ta manta ko ta ƙare mata a lokacin da hanya ba ta biyuwa, sai istirojin ɗinta kawai. Nisan gari, da kuɗin magani, da wanda zai karanta takarda, duk abubuwan da likita ke bukatar ya sani ne kafin ya zaɓa.

Wadda ba za ta iya amfani da homon ba, ko ba ta so, ba a rasa abin yi mata ba. Akwai magungunan ciwon damuwa da ke rage zafin jikin ma. Akwai zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, wanda hukumar tsara jiyya ta Ingila ta ƙarfafa a jagorarta ta 2024. Bushewar gaba kuma tana da nata maganin na sawa. Abin da za a guje wa shi ne sayen ƙwayar barci ko tiramadol a kyamis, domin suna kama mutum ya kasa rabuwa da su.

Alamun da ba a jira da su

A kawo ta asibiti mafi kusa nan take idan aka ga:

1. Jini bayan an shekara ba a gani ba, ko da ɗigo ne, ko jini bayan kwanciyar aure.
2. Jini mai yawa da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ko mai sa jiri.
3. Jinin da ke zuwa ba a kan lokaci ba bayan an yi wata shida ana shan magani.
4. Kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi.
5. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko ciwon kai mai tsanani da ba a saba ba.
6. Ƙullutu a mama.
7. Maganar gajiya da rayuwa, ko tunanin cutar da kai. Kada a bar ta ita kaɗai.

Nasiha ga iyali

Maigida, matar da kuka yi shekara 30 tare ba ta canza hali don raini ba. Idan ta ƙi shimfiɗa, wataƙila zafi take ji, kuma yana da magani. Ka ba ta izini da kuɗin mota, in da hali ka rako ta. 'Ya'ya da surukai, ku rage mata aikin dare, ku bar ta ta kwanta inda iska ke shiga, da tufafin auduga marasa nauyi da ruwan sha a kusa. A rage goro da shayi daga la'asar. Idan gaba ya faɗi, ta zauna ta ja numfashi a hankali ta hanci, ta sake shi a hankali ta baki, tana ambaton Allah, har ya lafa. Addu'a da magani ba sa karo. Game da hukuncin salla da azumi idan jini ya rikice, a tambayi malamai. Game da dalilin jinin kuwa, a tambayi asibiti.

Ba sai an zo Katsina za a fara ba. Gwajin ciki, da awon jini, da awon hawan jini ana yin su a asibitocin da ke kusa da ku, irin na Batsari da Dutsin-Ma, daga can a rubuto takardar turowa idan akwai bukata. Duk lokacin zuwa a taho da kwalayen magani gaba ɗaya, har da na gargajiya.

Ke kuma mai ciki, ki adana wannan a ranki. Bayan haihuwa waɗannan sinadarai suna faɗowa cikin 'yan kwanaki, shi ya sa mai jego kan yi kuka ba dalili. Idan abin ya wuce sati biyu, ki faɗa mana. Matan da suka yi ciwon damuwa bayan haihuwa, ko waɗanda ransu ke ɓaci sosai kafin kowace al'ada, sun fi saurin jin jiki idan shekarun bankwana suka zo, kuma sanin haka yana taimaka wa likita ya zaɓa musu abin da ya dace tun farko.

Ran da za ki dawo awo, ki tambayi Inna yaya barcinta. Idan ta yi shiru ta sunkuyar da kai, ki kamo hannunta ku shigo tare, ki ce da ungozomar da ke kan aiki, "Ita ma a duba ta." Allah Ya sauke ku lafiya, Ya ba iyayenmu lafiya mai ɗorewa, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, amin.